Layin Inna Leokadia

Lipowiec, 9 ga Satumba

Remek,

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu. Ina gaishe ka, ina gaida Jolanta da yara, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya. Ko yanzu sai na ce Pan Minista, wato Mai Girma Minista, in rusuna? Ka yi haƙuri, bakina bai saba ba. Mutumin da na wanke wa kai da kananzir saboda kwarkwata, da wuya in koyi kiransa da wani suna ina da shekara hamsin da biyar.

Mu dai muna nan. Mun tone dankali, ya yi kyau bana. Har yanzu ni nake dafa wa 'yan firamare abinci, gwiwa tana ciwo amma tana tafiya. Saniya ta haihu. Ita ce Malina ta huɗu tun bayan wadda ka sani, domin Mama ta ƙi yarda a canza wa saniya suna a gidan nan.

Ranar da aka rantsar da kai Ministan Lafiya, Mama ta sa rigarta ta zuwa coci ta zauna gaban talabijin, wai kada ka gan ta da kayan aikin gida. Ta tara maƙwabta tana lissafa musu tarihinka kamar mai jan carbi: yadda ta je ta ɗauko ka ranar da aka binne mahaifiyarka, 'yar ƙanin babanta, kana ɗan shekara goma, shekara takwas da ka yi a ɗakin bayan murhu, karatun likita, ɗakin yara na asibitin gunduma, yajin aikin da ka jagoranta har ka kwana sati biyu a kan katifa a baranda, shugabancin asibitin, majalisa. Har labarin jajibirin Kirsimetin da aka aike ka ka kai wa saniya oplatek ɗinta, siririn burodin nan na Kirsimeti mai albarka, jan da ake ba dabbobi, ka cinye a hanya don yunwa, sai da ta ba su. Kowa ya yi dariya, ita kuma ta yi hawaye.

To ga dalilin takarda. Mama ba ta da lafiya, kuma ta hana ni gaya maka. Tun bazara ba ta iya zuwa rijiya sai ta tsaya sau uku. Na kai ta babban asibitin birni, wani Dokta Sitarz ya duba ta, ya ce wata ƙofar jini a zuciyarta ta tsuke, sai an yi mata aiki. Suka sa ta a layi, suka ba mu rana: sha takwas ga Fabrairu. Na tambaye shi ko za ta kai. Ya dubi takalminsa ya ce a hana ta ɗaukar abu mai nauyi.

Da a da ne, na san abin yi. In yanka agwagwa biyu, in haɗa da kwalbar giya da cakulan, in je in gaida babban likita kamar yadda kowa yake yi. Amma yanzu duk asibitin sun san ko ni 'yar uwar waye, ko ƙwai ɗaya ba mai yarda ya karɓa a hannuna. Ka ga girmanka ya fara isowa gare mu.

Ban taɓa roƙonka komai ba, ka sani. Ka ɗaga waya sau ɗaya, Remek. Takardun asibitin suna cikin ambulan.

Yayarka,
Bronka


Warsaw, 2 ga Oktoba

Yaya Bronka,

Har abada, amin. Na ji daɗin ganin rubutunki, har yanzu kamar kaji sun yi faɗa a kan takarda. Muna lafiya. Jolanta tana gaisuwa, ta ce naman kaza mai tsirowa a daji da kuka aiko bara ba ta taɓa cin irinsa ba. Ki yafe jinkiri, ina barin ofis ne ban san ko na ci abinci ba.

Labarin Inna Leokadia ya taɓa ni ƙwarai. Ba ni da wata uwa bayanta, kin fi kowa sani. Shi ya sa na zauna na karanta takardun nan da idon likita, na ajiye idon ɗa a gefe. Tsukewar tana nan, amma zuciyar tana da ƙarfi. Na ga masu irin wannan da suka yi shekara biyu suna nome lambunsu. Za ta kai Fabrairu. Sitarz yaro ne, kuma yaran likitocin yanzu sun iya tsorata mutanen ƙauye.

Waya kuwa ba zan yi ba, kuma ina so ki gane dalili. Shekara ashirin ina kallon uwaye suna shigowa ɗakin yara da agwagwa a kwando, wadda ba ta da agwagwa kuma ɗanta ya zauna a benci. Abin da ya shigar da ni siyasa ke nan. Dokar da na kai majalisa sunanta Layi Ɗaya: kowa a rubuta shi, kowa ya jira ranarsa, ba sani ba sabo. Za a yi ƙuri'a a kanta sha biyar ga Janairu. Manyan likitoci sun tsane ta, rabin jam'iyyata ma jira suke in yi tuntuɓe. In na ɗaga waya yau, jibi yana shafin farko na jarida, dokar ta mutu, ni ma na bi ta.

Wani ɗan jarida ya tambaye ni ko ni kaina zan yarda nawa su bi layi. Na ce masa matar da ta raine ni tana kan layi yanzu haka. Ki ga, ko ba ta sani ba Inna tana yi wa ƙasa aiki.

Ki rage mata gishiri. Kada ta ɗauki bokiti. Ki sumbace mini hannunta.

Ƙaninki,
Remek


Lipowiec, 5 ga Nuwamba

Remek,

Ina gaisuwa, muna nan da sauƙi. Dusar ƙanƙara ta fara sauka da wuri.

Mun ga aikin da Mama take yi wa ƙasa. Sau huɗu ka ambace ta a talabijin cikin wata guda, da cikakken sunanta da sunan ƙauye. Yanzu in na shiga kanti sai mata su yi shiru, wasu don tausayi, wasu don su ƙunshe dariya. Ranar Lahadi wani mutum ya zo da mota ya ɗauki hotonta a bakin ƙofa tana haki. Ta ba shi shayi da burodi, ta ce ya gaya maka ka rame.

Ranar Dukan Tsarkaka na je maƙabarta ni kaɗai, karo na farko a rayuwarta da ba ta je ba. Na wanke dutsen Baba da na mijina Staszek, na wanke na mahaifiyarka, na kunna mata fitila uku. Furannin da ofishinka ya aiko sun iso, da ƙyalle mai sunanka da muƙaminka. An rubuta sunanta Helena. Halina ne sunanta, in ka manta. Na juya ƙyallen ya kalli ƙasa.

Amma ba faɗa ya sa na ɗauki biro ba, yau labari mai daɗi gare ni. Dokta Sitarz ya sake duba Mama ranar Talata, ya ga abin ya ƙaru, ya kai takardunta gaban kwamitin likitoci. Suka mayar da ita cikin masu gaggawa. Wani tsoho da yake gabanta kuma ya rasu, Allah ya ji ƙansa, gado ya samu. Ashirin ga watan nan za a kwantar da ita. Ba agwagwa, ba waya, ba sunanka. Bisa ƙa'idarka aka bi, sai ka yi murna.

Mama ta riga ta haɗa jaka. Ta sa sabuwar rigar barci, da carbinta, da hotonka na ranar da ka gama makaranta. Ta ajiye jakar a bakin ƙofa, kullum sai ta buɗe ta duba ko ta manta wani abu.

Ka yi mata addu'a, in ministoci suna yi.

Bronka


Lipowiec, 22 ga Nuwamba

Remek,

Ba ni da gaisuwa yau.

Maƙwabcinmu Wacek ya kai mu da motarsa shekaranjiya, tafiyar awa biyu a kan ƙanƙara, Mama ba ta ci komai ba tun daren jiyansa kamar yadda aka ce. Muka isa ƙarfe bakwai. Matar da take rajista ta duba littafi, ta sake dubawa, ta ce an mayar da sunan kan sha takwas ga Fabrairu. Na ce wa ya mayar? Ta ce ita dai abin da ta gani a rubuce ke nan.

Na zaunar da Mama a benci na hau bene na tare Sitarz a ƙofar ɗakinsa. Ya ja ni ciki ya rufe.

Ya ce, «Pani Bronka, ni ina da yara biyu, ki rufa mini asiri. An kira shugaban asibiti daga Warsaw. An ce ba za a taɓa wannan matar ba sai bayan ƙuri'a, don kada jarida ta ce an yi alfarma.»

Na ce, «Sakatare ne ya kira?»

Ya ce, «Da sakatare ne da shugaba ya yi gardama.»

Na sauko na sami Mama tana ba wata yarinya mai ciki alewa. Ta ce, «An fasa ne?» Na ce an fasa. Ta ɗauki jakarta da kanta, ta hana ni riƙewa.

Na roƙe ka ka ɗaga waya, ka ce mutuncinka ba zai bari ba. Ashe hannunka yana kai wa ga wayar. Ka gaya mini ƙarya Sitarz yake yi, in je in kwaɗa masa mari a gaban marasa lafiyarsa. Ina jira.

B.


Warsaw, 29 ga Nuwamba

Yaya Bronka,

Ina fatan kin huce, ina fatan Inna ta huta daga gajiyar hanya. Mu lafiya lau, sai dai mura ta kama ƙaramin.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ni na kira. Ki saurare ni. Kwana uku bayan kwamitin ya zauna, wata jarida ta samu labari, har sun rubuta kanun: Innar Minista Ta Tsallake Layi. Ke kin san ba a yi alfarma ba, ni ma na sani. Wa zai yarda? Mutanen da suka yi shekara arba'in suna ganin yadda ake yi? Da an kwantar da ita ranar nan, da yau ba doka, kuma mata dubu nawa irin Inna za su ci gaba da mutuwa a benci don ba su da ɗa a Warsaw. Na auna mutum ɗaya da ƙasa guda. Ba ki taɓa zama a kujerar da ake irin wannan awon ba, don haka ki yi a hankali da hukunci.

Kuma ban yi da ka ba. Na sa an kawo mini sabon hoton zuciyarta, na duba. Wata uku ba komai ba ne. Na ba ki kalmata ta likita. Ranar sha takwas ga Fabrairu ni da kaina zan tsaya a ƙofar ɗakin tiyata.

Abu ɗaya kuma. Takardunki suna bi ta hannun mutane da yawa kafin su iso teburina, kuma ta ƙarshen nan, in ta faɗa hannun da bai dace ba, ta isa ta hallaka ni da Sitarz tare. Saboda haka na ba sakatariyata, Pani Halszka, umarni: daga yau har a yi ƙuri'a, duk takarda ko waya daga dangi a rubuta lambarta a ajiye, kada a buɗe, kada a kawo mini. Ta haka zan iya rantsuwa a gaban majalisa cewa ba wanda ya roƙe ni komai. Sati bakwai ne kawai. Ni zan riƙa rubuto muku.

Wata rana za ki gode mini, ko da ba za ki faɗa ba, don na san halinki.

Remek


Lipowiec, 10 ga Disamba

Remek,

Mama ta rasu jiya Talata da hantsi, a kujerarta ta kicin. Za a binne ta ranar Asabar, sha uku ga wata, bayan addu'ar ƙarfe sha ɗaya. Na sa maka kwafin sanarwar mai baƙin gefe, irin wadda muka manna a ƙofar coci da tashar bas. Sunanka yana ciki, a layin 'ya'ya, haka ta so.

Akwai wani ɗan ƙunshi a cikin ambulan, na farin ƙyalle. Ita ta naɗe shi da hannunta ta ce naka ne. Ka buɗe a hankali, yana karyewa.

In za ka zo, jirgin ƙasa na safiyar Juma'a yana haɗuwa da bas ɗin ƙarfe uku.

Bronka


Warsaw, 15 ga Disamba

Zuwa ga Pani Bronisława Gruszka,

Ana sanar da ke cewa an karɓi takardarki an kuma ba ta lamba 4417. Bisa umarnin Pan Minista, za a duba takardun dangi bayan kammala aikin majalisa na wannan zango. Ana gode miki da haƙuri, ana kuma yi miki fatan Kirsimeti mai albarka.

H. Morawiec
Sakatariyar Minista


Warsaw, 20 ga Disamba

Innata,

Ina sumbatar hannuwanki biyu. Ki sa Bronka ta karanta miki wannan da ƙarfi, kusa da kunnenki na dama, kuma kada ta tsallake ko layi ɗaya don haushina da take ji.

Yaya numfashin? Na tabbata kin ƙi barin gishiri. Ni likitanki ne, ina gani daga nan.

Bana ma ba zan samu zuwa ba, amma zuciyata tana teburinki. Ina tuna yadda kike shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin farin mayafin tebur, ki aike mu bakin taga mu jira tauraro na farko, ki ajiye faranti ɗaya babu kowa a gabansa saboda baƙon da zai iya ƙwanƙwasa ƙofa. Shekarar farko da na zo gidanki kin ce mini, bana baƙon ya riga ya iso. Ban manta ba.

Ga oplatek na sa a cikin kati, fari tas, daga hannun Bishop da kansa. Na karya nawa gefen na ci, ki karya naki. Kin koya mini cewa ba a karya shi da mutum sai an yafe masa, don haka in Bronka ta cika miki kunne da magana, ki yafe wa ɗanki. Saura wata biyu. Kina yin abin da ba wata uwa a ƙasar nan da ta yi, kuma ranar ƙuri'a zan faɗa wa majalisa haka.

Ki gaida mini Malina, ki ce mata bana ba zan cinye mata rabonta ba.

Ɗanki,
Remek


Warsaw, 17 ga Janairu

Bronka,

Ban san da wace kalma zan fara ba. Allah ya ji ƙan Inna. Ke kuma Allah ya saka mini abin da kika yi mini.

Sati biyar tana cikin ƙasa ban sani ba. Kin karɓi katina na Kirsimeti, kin ga ina rubuta wa matacciya, kika yi shiru. Akwai waya a gidan Fada, akwai a gidan waya, akwai jirgin ƙasa. Kika zauna kina kallona a talabijin.

Kin dai ga abin da ya faru. Na tsaya gaban majalisa na ce jiya na yi magana da Innata, ta ce mini Remek, zan jira kamar kowa. Magana ce irin ta siyasa, kowa yana yi, kuma abin da za ta faɗa ke nan da na kira. Sai wani ɗan adawa daga yankinmu ya miƙe ya ɗaga hoton sanarwar da kika manna a ƙofar coci, da kwanan wata, da sunana a ƙasa. A nan na ji mutuwar uwata, a gaban mutum ɗari huɗu da kyamara. Na zauna a kan matakala na yi kuka, kuma kukan gaske ne, ki yarda ko kada ki yarda.

Na ɗauka na gama. Amma da aka dawo daga hutu shugaban jam'iyya ya ce in koma in faɗi abin da yake raina. Na ce dangina sun ɓoye mini don kada in karaya, na ce ta mutu a kan layi kamar kowace talaka alhali ɗanta yana da ikon ɗaga waya. Dokar ta wuce da rinjayen ƙuri'a talatin da ɗaya, mu da muke fatan uku. Jaridu yanzu suna kiranta Dokar Leokadia. Sunanta zai daɗe fiye da nawa da naki. Ana ma maganar in tsaya takarar shugabancin jam'iyya a bazara.

Zan yafe miki, saboda ita. Amma ina bukatar abu biyu. In 'yan jarida sun zo, ki ce ke kika ɓoye, wanda gaskiya ne. Maganar Nuwamba kuma ta mutu tare da ita, ki tuna Sitarz yana da yara. Zan zo kabarin ranar sha takwas ga Fabrairu, ranar da aka ba ta, tare da 'yan talabijin. Ki tsaya kusa da ni. Ki sa baƙin kaya masu kyau.

Remek


Lipowiec, 24 ga Janairu

Pan Minista,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, tunda ka manta ka tambaya. Gidan ne ya yi girma.

Ban ɓoye maka ba. Na rubuta maka washegarin rasuwarta, da ranar jana'iza, har da lokacin jirgi. Ofishinka ya amsa mini cewa lambata 4417. Ranar Asabar na sa masu ɗaukar akwati sun tsaya a ƙofar coci kusan rabin awa cikin sanyi, ina kallon hanya, har Fada ya taɓa kafaɗata. Bayan nan, gaskiyarka, ban sake nemanka ba. Na san inda waya take. Na karanta katinka a kabarinta da ƙarfi, ta gefen kunnen dama, ban tsallake layi ba. Ranar ƙuri'a kuma na kunna talabijin na zauna a kujerarta da shayina, da na ga ka zube a matakala na ji daɗi har cikin ƙashina. Na faɗa wa Fada wannan a wurin ikirari, ya ce in tuba, na ce ya ba ni lokaci.

Kada ka ji tsoron bakina. Ranar da muka dawo daga asibiti na sa kot zan tafi wurin jarida, ta tare ƙofa da jikinta, ta ciro gicciyen wuyanta ta sa na dafa.

Ta ce, «Rantse ba za ki tona masa ba.»

Na ce, «Mama, shi ya hana a yi miki aiki. Shi da bakinsa.»

Ta ce, «To ai likita ne. In ya ce in jira, ya duba ya ga zan kai. Ke miya kika iya, shi ya karanta.»

Na rantse. Ka ga ke nan ba Sitarz ba ne ya tsare ka, ba kuma wayonka ba.

Amma ina ganin daga baya jikinta ya gaya mata abin da takardunka ba su gaya maka ba. Ranar shida ga Disamba mai kaɗa molon coci ya zagayo da oplatek gida gida kamar kullum, ya ba mu fari na mutane da ja na dabbobi. Ta ce in miƙo mata fari ɗaya. Na ce saura kwana goma sha takwas jajibirin Kirsimeti. Ta ce, «Miƙo dai, tun hannun yana jin magana.» Ta karya shi biyu, ta ci rabi, ta naɗe rabi a ƙyallen hancinta na Lahadi. Ta ce, «Ki aika wa yaron. Ki ce masa ba komai.» Kwana uku bayan nan tana zaune tana jera busasshen naman kaza a zare, ta ce in buɗe taga iska ta shigo. Kafin in juyo zaren ya faɗi ƙasa.

Wannan ƙunshin yana cikin ambulan ɗin da ba ka buɗe ba. Yafiyar da ka roƙa a kati ta kama hanyar Warsaw kwana goma kafin ka rubuta katin. Tana ofishinka da hatimi a kanta. Ka je ka nema.

Jiya takarda ta zo daga asibiti, ana tuna wa Leokadia Gruszka ta zo sha takwas ga Fabrairu ƙarfe bakwai na safe, kada ta ci komai. Jakarta tana nan bakin ƙofa, ban iya ɗagawa ba.

Bronisława


Warsaw, 4 ga Fabrairu

Yaya Bronka,

Ina gaishe ki, ina fatan sanyi ya yi sauƙi. Takardarki ta sa ni kuka a mota, direba har ya tsaya a gefen hanya.

Na sa an juye ofis. Abin takaici, ranar da abin ya faru a majalisa Pani Halszka ta tsorata, ta ga in aka samu ambulan ɗin za a ce an sanar da ni, sai ta zuba duk takardun dangi a injin yanka takarda. Don kare ni ta yi, ba zan iya korarta ba.

Na ba masu shirya zuwan labarin oplatek ɗin, ban da abin da ya same shi, kuma ya girgiza su. Suna so in riƙe shi a bakin kabari, in faɗi kalmarta, in ci a gaban mutane. Sun ce ƙasar nan tana bukatar ganin haka. Ni ma ina bukata, Bronka, ko da ba ainihinsa ba ne. Na san kullum akan rage wasu a cikin littafin addu'arta. Ki karya rabi, ki naɗe a wani ƙyallenta, ki ba Wacek ya miƙa wa direbana idan mun iso. Daga gidanta dai ya fito, ba ƙarya a ciki.

Za mu iso ƙarfe goma. A share hanyar maƙabarta.

Ƙaninki,
Remek


Lipowiec, 17 ga Fabrairu

Remek,

Ina gaisuwa. An share hanya, Fada ya sa an zuba toka saboda santsi, kada wani mai kyamara ya faɗi.

Ba za ka same ni gobe ba. Zan bi bas ɗin farko zuwa birni da jakar Mama. Ƙarfe bakwai zan tsaya gaban matar rajista in ce mata Leokadia Gruszka ba za ta samu zuwa ba, a ba na bayanta gadon. Rigar barcin sabuwa ce, wata za ta sa. Ba zan ce komai bayan wannan ba, na rantse.

Wacek zai ba direbanka wannan takarda da ƙunshin. Na duba littafin addu'a kamar yadda ka ce. Farin ya ƙare. Nawa na ci ni kaɗai a jajibirin Kirsimeti. Naka na Bishop na bar shi a kan kabari, tsuntsaye suka ɗauka. Abin da ya rage a gidan nan rabin jan ne, wanda Malina ta bari, har da ɗan gurbin haƙorinta a gefe. Na naɗe maka a ƙyalle mai tsabta.

Mutanen Warsaw ba za su gane ba, za su ce launin ya yi kyau a hoto. Mutanen Lipowiec za su tsaya a bayanka, su kuma duk sun san na waye. In ka ga dama ka mayar aljihu ka ce musu ya ɓace. In ka ga dama ka ci. Ka taɓa ci, bai yi maka komai ba.

Bronka